Kundin ajin Asabar: yadda reshenmu ke shirya masu koyon aikin akanta

Laraba, 3 ga Satumba, 2025

Yau kwamitin gudanarwa na reshenmu na ƙungiyar akantoci ya amince a buɗe ajin Asabar, kuma ni aka ɗora wa nauyinsa a matsayina na shugaban ƙaramin kwamitin ilimi. Zan riƙa rubuta abin da aka yi a nan, mai daɗi da marar daɗi, don wanda zai karɓa daga hannuna ya tarar da hanya a share, kuma duk reshen da ke sha'awar yin irin wannan ya san wuraren da ake tuntuɓe.

Ga tsarin: wata uku, kowace Asabar daga ƙarfe 9 na safe zuwa 1 na rana, ga masu shirin rubuta jarrabawar matakin farko ta ƙungiya. Darussa uku za mu ɗauka: tushen rubuta lissafin kuɗi, lissafin abin da kaya ke ci kafin a sayar da su, da ɗa'ar sana'a. Malamai mambobi ne, ba za a biya su ba. Ɗalibai kuɗin takardu kawai za su biya.

Sai da aka yi ja-in-ja kafin a amince. Ma'ajinmu, dattijon da nake ganin girmansa, ya ce kuɗin da mambobi ke biya duk shekara na mambobi ne, a kashe shi kan tarukan ƙara wa juna sani, ba kan waɗanda ba su shigo ba tukuna. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ai waɗannan da ba su shigo ba su ne ke rubuta littattafan da ni da kai muke sa wa hannu." A yawancin ofisoshi wanda ke shigar da rasit, ya daidaita lissafin banki, ya shirya albashi, ba mai takardar ƙungiya ba ne. Mu daga ƙarshe muke zuwa mu duba. In aikin ya lalace tun daga teburinsa, sa hannunmu ba zai gyara shi ba.

Na kuma tuna wa kwamiti cewa koyarwa ba alfarma ba ce da ƙungiya ke yi in ta ga dama. IFAC, gamayyar ƙungiyoyin akantoci ta duniya da aka kafa a Jamus a 1977, tana da ƙa'idojin ilimi guda 8 da ake kira IES. Shida daga ciki magana suke a kan wanda bai zama akanta ba tukuna: sharaɗin shigarsa, ilimin da zai samu, ƙwarewarsa, ɗa'arsa, aikin da zai yi ƙarƙashin kulawa, da yadda za a jarraba shi. Biyu kaɗai suka shafi mu da muka riga muka ƙetare.

An ware mana kuɗi, bai kai abin da na nema ba, bisa sharaɗin in kawo rasit na komai duk ƙarshen wata. Sharaɗin ya yi daidai.

Asabar, 6 ga Satumba

Ranar rajista. Waɗanda suka zo sun fi kujerun da ke ɗakin yawa. Akasarinsu ma'aikata ne: masu karɓar kuɗi, masu kula da sito, akawun albashi. Akwai kuma 'yan kaɗan da suka gama jami'a suna neman aiki.

Na ba su ɗan gwaji, ciniki goma, kowa ya nuna asusun da za a rubuta shi a ciki. Abin da ya fito ya raba ajin gida biyu. Ma'aikatan sun san abin da ake yi sarai, sai dai ba su san dalili ba. Wani ya ce mini shi dai ya san in ya danna maɓalli kaza a manhajar ofis lissafi yana fita daidai. 'Yan jami'a kuwa suna iya kawo ma'anar kadara da bashi da jari da ka, amma da na ajiye musu takardar cinikin kaya mai ragi da haraji a jiki, sai suka tsaya suna kallonta.

Zan zaunar da su bibbiyu, ma'aikaci da ɗan jami'a. Kowanne yana riƙe da abin da ɗan'uwansa ya rasa.

Asabar, 13 ga Satumba

Darasin farko. Ban fara da haddar abin da ke shiga debit da abin da ke shiga kiredit, wato ɓangarori biyu na kowane asusu, ba, don haddar ce ta kawo da yawansu inda suke. Daga tushe muka ɗauko: duk abin da kasuwanci ya mallaka daga wuri biyu ya fito, ko dai na masu shi ne, ko na waɗanda ke bin sa bashi. To, kowane ciniki sai ya taɓa wuri biyu, in ba haka ba ma'aunin ya karkace. Muka ɗauki ciniki ɗaya bayan ɗaya muna yin tambaya biyu: me ya shigo, kuma daga ina ya fito?

Na nemi ma'aikata su riƙa kawo misalai daga wuraren aikinsu, da doka ɗaya: ba sunan kamfani, ba sunan abokin ciniki, alkaluman ma a sauya su. Wani ya zo da hoton shafin littafin ofishinsu a waya yana nuna wa na kusa da shi. Na sa ya goge nan take, na bayyana wa aji dalili. Riƙe sirri ba darasin watan gobe ba ne, daga yau ya fara.

Talata, 16 ga Satumba

An buga takardun mako huɗu na farko. Bugawa kaɗai ta cinye kusan rabin kuɗin wannan watan, hayar ɗaki ta ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu. Saura na ajiye don jarrabawar gwaji.

Asabar, 20 ga Satumba

Matsala ta farko mai girma. Wasu mambobi sun ba da kyautar littattafan da suka yi karatu da su, mun yi murna, mun raba wa ɗalibai su riƙa aro. Yau wani ɗalibi ya tashi ya lissafa darajar kayan sito bisa tsarin da ke ɗaukar cewa kayan da suka shigo ƙarshe su ke fara fita, wato LIFO. Lissafinsa daidai ne, amma IAS 2, ƙa'idar lissafi ta duniya kan kayan sito, ta daina yarda da wannan tsarin tun gyaran da aka yi mata a 2003. Abin da ta bari shi ne FIFO, wato kayan da suka fara shigowa su ke fara fita, ko matsakaicin farashi, sannan a rubuta kaya a kan wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin kuɗin sayensu da abin da za a samu in an sayar.

Bayan an tashi muka zauna da malamai biyu muka bi littattafan ɗaya bayan ɗaya. Ashe fiye da rabinsu sun tsufa. Suna koyar da kuɗin shiga a kan IAS 18, alhali sabuwar ƙa'ida, IFRS 15, ta maye gurbinta tun 2018. Suna koyar da haya a kan IAS 17, ita ma IFRS 16 ta karɓe ta a 2019. Ga kuma IFRS 18 da aka fitar a Afrilun 2024, wadda za ta maye gurbin IAS 1 daga Janairun 2027, ta sauya yadda ake jera bayanin riba da asara. Ɗaliban da ke gabanmu yau a ƙarƙashinta za su yi aiki.

Abin da ya fi damuna ba littattafan ba ne. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kawo su ya ce mini bai ga abin da ya sauya ba, "lissafi ai lissafi ne." Mutumin kirki ne, kuma har yanzu yana sa hannu a kan asusun mutane.

Mun janye littattafan, ban da babin tushen rubuta lissafi da ba ya tsufa. Za mu rubuta namu bayanan, kowane malami babi biyu, wani ya duba na wani. Kuɗin bugawa zai ƙaru, dole in koma wurin ma'aji.

Asabar, 27 ga Satumba

Littafin shige da ficen kuɗi, sai daidaita shi da takardar banki: cekin da bai kai banki ba, ajiyar da ba ta fito ba, cajin da banki ya cire ba a sani ba. A nan ma'aikatan suka zama malamai. Rana mai sauƙi.

Asabar, 4 ga Oktoba

Kusan rabin aji ba su zo ba. Da na kira wasu, amsa ɗaya ce: rufe lissafin wata. Satumba ƙarshen wata uku ce ga kamfanoni da yawa, an tsare su a ofis har Asabar. Ba lalaci ba ne, aikin da muke koya musu ne ya riƙe su.

Darasin yau kuwa raguwar darajar kadara ne, wanda ba a tsallake shi. Misalin da muka yi: inji na 1,200,000, ana sa ran sayar da shi 200,000 bayan shekara 5. In an raba daidai, 200,000 ke nan duk shekara. In kuma kashi 20 cikin 100 na abin da ya rage ake cirewa, shekarar farko 240,000, ta biyu 192,000, haka zai yi ta sauka. Tambayar da na fi so su iya amsawa ita ce wanne ya dace da wace kadara, domin IAS 16 cewa ta yi tsarin ya bi yadda ake cin moriyar kadarar.

Daga yanzu Asabar ta farkon kowane wata ta bita ce, ba sabon darasi. Na yau kuma zan maimaita shi da yammacin Laraba ta intanet.

Laraba, 8 ga Oktoba

Malamai uku sun tambaye ni ko awoyin da suke koyarwa za su shiga cikin awoyin ƙarin ilimi da ƙungiya ta wajabta wa kowane mamba duk shekara. Na kai maganar kwamiti, aka rabu. Wasu na ganin wanda ya biya kuɗi ya halarci taro shi kaɗai ya cancanci maki, in an buɗe wannan ƙofar tarukanmu za su rasa mahalarta, reshe ya rasa kuɗin shiga.

Na fahimci tsoron, amma ban yarda da shi ba. IES 7, wadda ta shafi wannan, ta yarda a auna ta hanyar ƙirga awoyi, ko ta hanyar duba abin da mutum ya ƙaru da shi a aikace, ko a haɗa biyun. ACCA, ƙungiyar akantoci mai hedikwata a Birtaniya, alal misali, awa 40 take nema a shekara ga mai bin tsarin ƙirga, 21 daga ciki masu shaidar da za a iya dubawa, kuma abin da take tambaya shi ne me ka koya, ina ya amfane ka a aikinka. Malamar da ke rubuta mana babin kuɗin shiga ta kwashe darare tana bitar matakai biyar na IFRS 15 don kada ɗalibi ya yi mata tambayar da za ta gagare ta. Na sha zama a tarukan da rabin mahalarta ke fita da zarar sun sa hannu a takardar halarta. Wane ne a cikin biyun ya ƙaru?

Reshe ba shi da ikon yanke wannan. An ce in rubuta wa hedikwata. Na rubuta, na nemi a ƙirga lokacin shiri da rubuta bayanai, ba maimaita darasi ɗaya ba, kuma kowane malami ya ajiye abin da ya rubuta a matsayin shaida.

Asabar, 11 ga Oktoba

Darasin da na fi jira: kurakuran da jadawalin gwajin daidaito, wanda ke gwada ko jimillar debit ta yi daidai da ta kiredit, ba ya kamawa.

Da farko na ba su jadawalin da bai daidaita ba, bambancin 90. Cikin ɗan lokaci wasu suka gano an rubuta 450 a madadin 540. Na nuna musu dabarun tsofaffin akawu: in bambanci ya rabu da 9 ba saura, nemi lambobin da aka juya, in ka raba shi biyu ka ga adadin da ka sani, an sa shi a ɓangaren da ba nasa ba.

Sai na ba su na biyu, wanda ya daidaita tsaf, na ce akwai kuskure shida a ciki. Ɗakin ya yi tsit. Wani ya ce, "Malam, ai ya daidaita." Nan darasin yake. Cinikin da ba a rubuta ba sam ba zai karkata ma'auni ba. Haka wanda aka sa a asusun wani abokin ciniki maimakon wani, da wanda aka rubuta adadinsa ba daidai ba a ɓangarorin biyu, da wanda aka juya ɓangarorinsa, da kurakurai biyu da suka rufe wa juna asiri. Na shida shi ne mafi haɗari, wato a ɗauki kuɗin da aka kashe a rubuta shi a matsayin kadara. Na ɓoye musu gyaran mota a cikin asusun motoci.

Da suka gano, wani ɗan jami'a ya ce wannan ƙaramin abu ne. Sai na ba su labarin WorldCom, kamfanin sadarwa na Amurka. Kuɗin da yake biyan wasu kamfanoni don amfani da layukansu, wanda kashewa ce ta yau da kullum, aka riƙa rubuta shi a matsayin kadara, asara ta koma riba a takarda. A Yunin 2002 aka bayyana kusan dala biliyan 3.8, daga baya adadin maguɗin ya kai wajen biliyan 11. Littattafan kuwa suna daidaita duk tsawon lokacin. Ba daga waje aka tono shi ba, masu binciken cikin gida ne ƙarƙashin Cynthia Cooper. Kamfanin ya durƙushe a Yulin shekarar, kuma a wannan watan aka sa hannu a dokar Sarbanes-Oxley, wadda ta tsaurara sa ido kan lissafin kamfanoni a Amurka.

Ina so su fita da sanin cewa irin shigarwar da suke yi kullum da hannunsu ita ce aka yi a can, sifili ne kawai ya fi yawa. Manhaja za ta karɓi duk abin da aka ba ta muddin ɓangarorin biyu sun yi daidai. Mutum ne zai ce wannan ba wurinsa ba ne.

Mun wuce lokaci da kusan awa guda, ba wanda ya tashi.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Abu biyu a rana ɗaya. Malamin lissafin tsadar kaya ya samu canjin wurin aiki, ba zai ci gaba ba. Masu ɗakin da muke haya kuma sun ce suna buƙatarsa daga wannan Asabar, duk da mun biya har ƙarshen wata. Ba yarjejeniya a rubuce mai ƙarfi tsakaninsu da reshe, baki da baki aka yi tun da daɗewa.

Wata mamba ta ba mu ɗakin taron ofishinta kyauta, Allah ya saka mata. Sai dai ba zai ɗauki aji duka ba, don haka za mu raba: rukunin safe da na rana. Kuɗin haya ya huta, zan juya shi kan bugawa, amma kowane malami sai ya koyar sau biyu. Darasin tsadar kaya ni da sakataren reshe za mu raba. Na rubuta takardar neman a maido mana ragowar kuɗin haya.

Asabar, 18 ga Oktoba

Rukuni biyu, sabon ɗaki. An yi kashe-kashen da ke tashi da yawan kaya da waɗanda ba sa motsi, da yadda ake gano adadin da za a sayar kafin a fara ganin riba. Muryata ta dushe kafin la'asar.

Asabar, 25 ga Oktoba

Ɗa'ar sana'a. Mun bi ginshiƙai biyar na kundin IESBA, hukumar duniya mai tsara ɗa'ar akantoci: gaskiya da riƙon amana, rashin karkata, ƙwarewa da kulawa, riƙe sirri, da halin da bai zubar da mutuncin sana'a ba. Sai barazana biyar da ke iya kautar da mutum: son amfanin kai, duba aikin da kai ka yi, zama mai kare muradin wanda kake wa aiki, sabo da ya yi yawa, da tsoratarwa. A aji kowa ya amsa daidai.

Bayan an watse wata ɗaliba ta tsaya. Da izininta nake rubuta wannan, na kuma sauya abin da zai sa a gane ta. Ta ce, "Malam, in maigidanka ya ce ka mayar da kwanan watan takardun ciniki baya, kayan kuwa ba su bar sito ba, wannan yana cikin abin da ka faɗa?" Ana so cinikin ya faɗa cikin watannin da suka wuce don alkaluman da za a kai banki su yi kyau. Ita ke riƙe da gidansu, kuma ta san akwai masu jiran kujerarta.

Na gaya mata gaskiya: yana ciki. Kayan da ba su shiga hannun mai saye ba ba ciniki ba ne tukuna, kuma banki zai ba da bashi ne a kan ƙarya. Na ba ta shawarar kada ta fara da faɗa ko zargi. Ta rubuta masa gajeriyar takarda cikin ladabi, ta ce kayan nan ba su fita ba, don haka ta rubuta su a watan da za su fita, in kuma akwai wani dalilin da ba ta sani ba a sanar da ita a rubuce. Ta ajiye wa kanta bayanin abin da aka ce mata da ranar da aka faɗa, amma kada ta fitar da takardun kamfani waje. In ya matsa, ta je wurin na gaba da shi, in akwai.

Na dawo gida raina a jagule. Ɗalibar da ta yi rajista da ƙungiya kundin ɗa'a ya hau kanta, in ta aikata ana iya hukunta ta. To in ta ƙi aka sallame ta fa, me muka tanadar mata? A reshenmu babu ko mutum ɗaya da aka ware wanda ɗalibi zai kira a asirce ya nemi shawara. Muna koya musu su tsaya, sannan mu bar su su tsaya su kaɗai. Zan kai wannan gaban kwamiti, kuma ba zan bar shi ya kwanta ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Bita. Waɗanda suka samu zuwa sun warware tsofaffin tambayoyi. Ragowar kuɗin haya bai dawo ba.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Jarrabawa rabin tafiya ce. IES 5 ta ce sai mutum ya yi aiki na zahiri ƙarƙashin kulawar ƙwararre, an rubuta, an tabbatar. ACCA wata 36 take nema. Da na tambayi aji, da yawa suna aiki ne a wuraren da babu mamban kowace ƙungiya. Mutum zai shekara biyar yana aiki, babu mai sa masa hannu.

Na nemi mambobi su ɗauki ɗalibi ɗaya ko biyu. Wani ya ce, "Shugaba, ta yaya zan shaidi aikin da ban gani ba?" Gaskiyarsa, kuma na ji daɗi da ya faɗa, domin sa hannun alfarma ya fi rashinsa muni. Muka tsayar da cewa ɗalibi zai kawo takardar amincewa daga wurin aikinsa, ya ajiye littafin da yake rubuta abin da ya yi, su zauna da mai kula da shi sau ɗaya a wata, mai kulawar kuma ya riƙa tuntuɓar shugabansa na ofis. Mutum bakwai suka ɗaga hannu. Ba su isa ba. Wannan ma sai hedikwata ta tabbatar ya dace da dokokinta kafin a sa hannu ko ɗaya.

Maganar mai ba da shawara a asirce an ɗage ta zuwa Disamba. Ma'aji ne, abin mamaki da daɗi, ya ce in an amince shi zai fara ɗauka.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Akantoci da yawa a duniya suna ɗaukar yau a matsayin ranarsu, saboda littafin Luca Pacioli da aka buga a Venice a 1494. Mun yi ɗan zama da ɗalibai ta intanet. Na gaya musu Pacioli ba shi ya ƙirƙiro rubuta ciniki a ɓangare biyu ba. 'Yan kasuwa sun daɗe suna yi, shi ya tsara ya rubuta don a koyar. Ƙungiyoyi daga baya suka zo: akantocin Edinburgh sun samu takardar amincewar masarauta a 1854, na Ingila da Wales kuma a 1880. A wancan lokacin, shiga sana'ar sai wanda iyayensa ke iya biya masa kuɗin zaman koyo a ofishin wani. Don buɗe wannan ƙofar mutum takwas suka kafa ƙungiyar da ta zama ACCA a Landan a 1904, ita ce kuma ta karɓi Ethel Ayres Purdie a 1909, a zamanin da sauran ba sa karɓar mata.

Na faɗi wannan ne don mambobin da suka shigo zaman su ji, fiye da ɗalibai.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Jarrabawar gwaji, da agogo da masu sa ido, ba waya.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Mun gama duba takardu. Kusan kashi biyu cikin uku sun ci tushen lissafi, ɗa'a ma haka. Tsadar kaya ce ta kayar da mutane, ƙasa da rabi suka haye. Ba abin mamaki ba ne, darasin ya sauya hannu a tsakiya, an kuma yi shi a gurguje. Inda suka fi faɗuwa shi ne raba kashe-kashen masana'anta a kan kaya: suna haɗa adadin da aka yi hasashe da wanda aka kashe a zahiri, sai su rasa ko an ɗora fiye da kima ne ko ƙasa da ita.

Abu na biyu lokaci ne. Ma'aikatan sun saba ba sa barin lissafi sai ya daidaita, sai mutum ya ƙone rabin awa yana neman bambancin 200, tambayoyi biyu na jiransa. A ofis wannan hali ne mai kyau. A ɗakin jarrabawa dole su koyi nuna aikinsu su wuce, makin yana kan matakai.

Asabar biyu da suka rage duk na tsadar kaya ne, da atisayen agogo.

Ɗalibar nan ta aiko mini saƙo. Ta rubuta takardar, maigidan bai ba ta amsa ba, bai kuma sake tayar da maganar ba. Gaisuwarta dai da ƙyar yake amsawa.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Ajin ƙarshe na wannan zangon. Wasu sun bari a hanya, yawanci tun lokacin da aka sauya ɗaki. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya in ji dalili.

Laraba, 3 ga Disamba

Na miƙa wa kwamiti lissafin aji da rasit. Bugawa ta ɗauki kusan kashi 60 cikin 100 na abin da aka kashe, haya wajen 15, saura jarrabawar gwaji da kuɗin intanet. Mun wuce kasafi da kaɗan, kuma ragowar kuɗin haya na rubuta shi a matsayin bashin da muke bi, da bayanin cewa dawowarsa ba tabbas.

Hedikwata ta amsa wasiƙar awoyi: tana duba batun, ta nemi samfurin bayanan da malamai suka rubuta. Zan aika jibi. An amince da mai ba da shawara a asirce, ma'aji da wata mamba za su fara, za a ba duk ɗalibi mai rajista hanyar samunsu.

Zango na biyu zai fara a Fabrairu. Kafin nan ina buƙatar ɗaki da yarjejeniya a rubuce, malamai biyu ga kowane darasi don kada tafiyar mutum ɗaya ta sake gurgunta mu, da ƙarin masu kulawa aƙalla goma. Tsadar kaya za ta koma farkon zango. Bayananmu za mu raba su ta waya, a buga wa wanda ya nema kawai, hakan zai rage kashewa sosai. Akwai kuma babin IFRS 18 da ba wanda ya ɗauka tukuna. Na sa shi a ajandar zaman malamai na ranar 13 ga wata.